Daga Tantin Azad Maidan Zuwa Dominika: Farkon Tashen Yashasvi Jaiswal

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, 'yan uwa maza da mata, ina godiya da wannan dama. Zan yi magana ne a kan wani matashin ɗan wasan kurket na ƙasar Indiya mai suna Yashasvi Jaiswal, musamman shekarun da ya yi kafin duniya ta san shi. Da yake da yawa daga cikinmu ba su saba kallon kurket ba, dole in fara da ɗan bayanin yadda ake wasan.

Kowane ɓangare yana da mutum 11. Mai jifa yana wurgo ƙwallo mai tauri daga tazarar yadi 22, yana neman ya kayar da wasu sanduna uku da aka kafa a ƙasa, shi kuwa mai bugu yana tsaye a gabansu da faffaɗan katako yana kare su, yana kuma neman maki. Masu bugu biyu ne suke cikin fili a lokaci guda, kuma duk lokacin da suka yi gudu suka musanya wuri bayan an buga ƙwallo, an samu maki 1. Idan ya buga ƙwallo ta gangara har ta kai iyakar fili, ya samu maki 4, idan kuma ta tsallake iyakar ta sama, ya samu 6. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mai bugu ba shi da damar kuskure biyu. Da zarar an kayar da sandunansa ko an cafe ƙwallonsa kafin ta taɓa ƙasa, ya fita ke nan, ko da kuwa a jifan farko ne. Akwai wasan da ake kira Test, wanda yakan kai kwana 5, inda kowane ɓangare yake shiga bugu har sau biyu, akwai na yini guda, akwai kuma gajeren da ake kira T20, inda kowane ɓangare yake da jifa 120 kacal. Jaiswal bahago ne, kuma yana cikin mutum biyun da suke buɗe wasa, waɗanda suke fuskantar sabuwar ƙwallo tun tana da sheƙi da ƙarfin kaucewa, masu jifa kuma ba su gaji ba tukuna.

An haife shi ranar 28 ga Disamba, 2001, a garin Suriyawan da ke gundumar Bhadohi a jihar Uttar Pradesh, yankin da ya yi suna wajen saƙar darduma. Mahaifinsa ƙaramin ɗan kasuwa ne mai shagon kayan gini. Yana ɗan shekara 10 ko kusa da haka ya tafi Mumbai, wato tsohon Bombay da muka sani ta finafinai, tafiyar fiye da kilomita 1,000, domin ya koyi kurket. Da farko ya samu wurin kwana a wani shagon sayar da madara, amma da yake yini yake yi a fili, ba ya iya aikin shagon yadda ake so, sai aka sallame shi. Daga nan ya koma cikin tantin masu gyaran fili na kulob ɗin Muslim United a dandalin Azad Maidan, inda ya zauna kimanin shekara 3, babu wutar lantarki, babu banɗaki, idan damina ta sauka kuma ruwa ya shigo har wurin kwanciya. A nan ne labarin panipuri ya samo asali, wato wani ɗan soyayyen ƙulli mai rami a ciki da ake cika shi da ruwan yaji da tsamiya, ana sayarwa a bakin titi. An yi ta yaɗa cewa sana'arsa ke nan, amma kocinsa ya sha faɗa cewa an zuzuta maganar, taya masu sayarwa kawai yake yi lokaci zuwa lokaci.

Ni a ganina kocin yana da gaskiya da yake jin haushin yadda ake maimaita wannan labari, domin yana rufe abin da ya fi muhimmanci. Yara masu kwana da yunwa a Mumbai ba su ƙirguwa, kuma yunwa ba ta taɓa koya wa kowa riƙe katako ba. Abin da ya kamata mu duba shi ne irin wurin da yaron ya faɗo. Azad Maidan fili ne guda da aka shata filaye da dama a cikinsa, ana wasanni barkatai a lokaci ɗaya, har mai tsaron ƙwallo na wannan wasa yakan tsaya kafaɗa da kafaɗa da na wancan, yana kallon gabansa yana kuma tsoron ƙwallon da za ta zo masa ta baya. Makarantun birnin suna da tsofaffin gasa biyu, Giles Shield ta ƙananan yara da Harris Shield ta waɗanda suka ɗan tasa, kuma a cikin Harris Shield ɗin ne Sachin Tendulkar da Vinod Kambli, waɗanda daga baya suka zama fitattun 'yan wasan Indiya, suka haɗa maki 664 su biyu a 1988. Mumbai ta ci kofin Ranji, babbar gasar cikin gida ta Indiya, fiye da sau 40. A irin wannan gari, yaron da ya yi fice ba ya ɓuya, domin akwai tsani daga makaranta zuwa kulob, daga kulob zuwa jiha, kuma akwai idanu a kowace matakala.

Idon da ya gan shi na Jwala Singh ne, wani koci mai makarantar kurket a unguwar Santacruz, a ƙarshen 2013. Ya ɗauke shi daga tanti ya kai shi gidansa, ya ci da shi, daga baya ma ya zama waliyyinsa a hukumance. A 2015 yaron ya ci maki 319 ba tare da an fitar da shi ba a wani wasan Giles Shield, ya kuma fitar da mutum 13 da jifansa a shiga biyun da abokan hamayya suka yi a wannan wasa. A 2018 shi ne gwarzon gasar Asiya ta 'yan ƙasa da shekara 19 da aka yi a Bangladesh. Ranar 16 ga Oktoba, 2019, yana bugawa Mumbai a gasar Vijay Hazare, ya ci 203 daga jifa 154 a kan Jharkhand, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa kaiwa 200 a manyan wasannin yini guda, yana ɗan shekara 17. Bayan wata biyu kulob ɗin Rajasthan Royals ya saye shi a gwanjon IPL, babbar gasar T20 ta kulob-kulob a Indiya, a kan rupi miliyan 24. A farkon 2020 kuma aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a Afirka ta Kudu, wadda Najeriya ta halarta karon farko, inda ya fi kowa maki da 400, har da 105 a kan Pakistan a wasan kusa da na ƙarshe da 88 a wasan ƙarshe, duk da cewa Bangladesh ce ta ɗauki kofin.

Sai kuma ya yi tuntuɓe. A kakarsa ta farko a IPL, a 2020, wasa 3 kawai ya buga, maki 40 gaba ɗaya, domin masu jifan da ya haɗu da su manya ne da suka fi waɗanda ya saba da su sauri da dabara, kuma bai iya saurin tara maki da gajeren wasa yake buƙata ba. Matasa da yawa a nan tauraronsu yake dusashewa. Shi kuwa sai ya koma makarantar kulob ɗin da ke Talegaon a jihar Maharashtra, ƙarƙashin Zubin Bharucha, yana buga ɗaruruwan ƙwallaye a rana domin gyara yadda yake ɗaga katako da faɗaɗa kusurwoyin da yake iya aika ƙwallo. Kulob ɗin ma bai yi gaggawar rabuwa da shi ba, ya riƙe shi a 2022 a kan rupi miliyan 40.

Akwai wasanni biyu da nake so mu ajiye kusa da juna. A watan Yuni na 2022, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Ranji da Uttar Pradesh, jiharsa ta haihuwa, sai da ya fuskanci jifa fiye da 50 bai ci ko maki ɗaya ba. Yana tsaye yana tarewa, yana barin waɗanda suka kauce su wuce, abokin buɗe wasansa yana ta tara maki a ɗaya gefen, kuma da ya samu makin farko sai ya ɗaga katako sama kamar wanda ya cika 100. A ƙarshe 181 ya ci. Ƙasa da shekara guda bayan haka, a watan Mayu na 2023, a filin Eden Gardens na Kolkata, ya kai maki 50 cikin jifa 13, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa yi da wannan sauri a tarihin IPL. Samun mutum ɗaya da yake da wancan haƙuri da wannan zafin nama abu ne mai wuya ƙwarai, kuma a ganina shi ne ainihin dalilin da ya sa masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suka kasa kawar da kai daga gare shi.

Bai kamata in ɓoye cewa ƙuruciya ta taɓa fisgarsa ba. A wasan ƙarshe na kofin Duleep, wata gasar cikin gida ta Indiya, a 2022, inda ya ci 265, kyaftin ɗinsa Ajinkya Rahane ya umarce shi da ya fita daga fili na ɗan lokaci saboda ya ƙi daina tsokanar abokin hamayya da baki bayan an gargaɗe shi. Na ga dacewar wannan hukunci, kuma na ga amfanin samun babba da zai iya tsawata wa yaro a ranar da yaron yake ganin babu kamarsa.

Ranar 12 ga Yuli, 2023, ya buga wasan Test na farko wa Indiya, da West Indies, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙasashen yankin Karebiyan, a birnin Roseau na tsibirin Dominika. Ya fuskanci jifa 387, ya ci 171, shi da kyaftin Rohit Sharma suka haɗa 229 kafin a raba su. A Afirka ta Kudu a ƙarshen wannan shekara da farkon ta gaba filayen masu saurin tashin ƙwallo sun ba shi wahala, maki 50 kawai ya samu a shiga huɗu. Da Ingila ta zo Indiya a farkon 2024 kuwa, ya ci 209 a Visakhapatnam, ya biyo da 214 a Rajkot, inda ya tsallakar da ƙwallo waje sau 12, ya kammala wasanni 5 da maki 712, abin da a cikin 'yan Indiya Sunil Gavaskar kaɗai ya taɓa haura 700 a jerin wasanni guda kafinsa. A watan Nuwamba na wannan shekara, a birnin Perth na Ostiraliya, an fitar da shi ba maki ko ɗaya a shigarsa ta farko, a ta biyu ya ci 161, Indiya ta yi nasara, shi kuma a lokacin bai cika shekara 23 ba.

A nan zan dakata, shugaban taro, domin a samu lokacin tambayoyi. Na gode.