Fentin Mota Ba a Bakin Bindiga Yake Lalacewa Ba

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Duk yaron da aka kawo gareji koyon fenti, idonsa na kan bindigar feshi, ya ƙosa a miƙa masa. Ni kuwa yawancin motocin da aka taɓa dawo mini da su, aikin ya ɓaci ne tun kafin a tayar da kwamfiresa.

Mu fara da haɗi. Ga gwangwanin kiliya nan, fentin ƙarshe marar launi mai ba mota sheƙi, an rubuta 2:1, wato kashi biyu na kiliya, kashi ɗaya na hadna, maganin da ke sa fenti ya taurara. Firama kuwa, fentin farko da ake fesawa kafin kala, sau da yawa 4:1 za ku gani. Kamfani ba don ado ya rubuta ba. Amma sai oga ya tuttula da ido, ya ce hannunsa ya saba. Idan hadna ta yi kaɗan, bayan mako guda ka danna farce sai ya shata. Idan ta yi yawa, ba saurin bushewa ka samu ba, ƙarfin fentin ka kashe, nan gaba ya tsattsage. Kofin awo nawa yake? Bai kai kuɗin tuwon rana na yaran gareji ba. Kuma kada a zuba hadnar wani kamfani a kiliyar wani, ko da mai shago ya rantse duk ɗaya ne.

Sai tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40. Ka sa tina mai saurin bushewa a irin wannan rana, fentin zai fara bushewa a iska kafin ya sauka, jikin mota ya fito kamar ɓawon lemo. Tinar wanke bindiga kuma ta wanki ce kawai.

Bari in tona wa kaina asiri. Ina yaro, aka ba ni wata farar mota da aka daki ƙofarta. Ina sauri, sai na matsa jan maganin nan mai sa fila ta taurara da yawa a cikin fila, wato abin cike lotsawa, don ta kama da wuri, alhali kusan kashi 2 cikin 100 ake so. Aiki ya yi kyau, mai mota ya biya har da tukuici. Ba a yi wata biyu ba sai ga shi ya dawo, wani tabo ruwan ɗorawa ya ɓullo daidai inda na yi cikon, da faɗinsa da siffarsa. Ogana bai zage ni ba. Sanfefa ya miƙo mini, na kankare ƙofar nan har ƙarfe ni kaɗai.

Tunda an zo kan sanfefa, lambobin da ke bayanta matakala ce, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Ka sassaƙa fila da 80, ka bi da 180, sannan 320, bayan firama ka gama da 500 kafin kala. Wanda ya yi tsalle daga 80 zuwa firama, ranar zai ga sumul, amma idan firamar ta gama tsotsewa, zanen zai fito layi-layi. Kada ku goge fila da ruwa, shan ruwa take yi, daga baya ta kumbura. Tsatsa ma idan ka rufe ta, tana can tana cin ƙarfe.

Masu goge jikin mota da fetur, ku daina, yana barin maiƙo. Ƙananan ramukan nan masu kama da idon kifi, maiƙo ne ke kawo su, ko man sheƙin taya, ko ruwan da ya taru a tankin kwamfiresa ba a zubar ba. A goge da maganin cire maiƙo tun kafin sanfefa ta taɓa jikin, tsumma ɗaya jiƙaƙƙe, ɗaya busasshe. Lokacin hunturu kuma a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura.

Kai mai jar hula, na ga jiya ka ɗaura ƙyalle a hanci kana feshi. Hadna tana da sinadarin da ke jawo asma, ƙyalle ba ya tare shi, sai takunkumin da ake turo masa iska mai tsafta ta tiyo.

To ku taso, a ɗauko kofin awon, mu je wajen ƙofar can.