Amsoshin Tambayoyinku: Littattafan Duba da Sihiri, Wanne Za a Karanta?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau jakar tamu cike take maƙil, amma kusan duk wanda ya rubuto sai ya ce don Allah a sakaya sunansa. To, mun sakaya, gari kawai za mu faɗa. Abin da ya sa kowa ke noƙewa kuwa shi ne batun na duba ne da sihiri da littattafan da aka rubuta a kansu. Kuma tun kafin a fara bugo mini waya ana cewa na koma ɗan tsibbu, ku ji da kyau, ba koyar da duba za mu yi ba. Ina tare da wani malamin jami'a mai koyar da tarihin addinai. Dakta, barka da zuwa.

Dakta: Barka kadai, Malam. Ni ma da za a sakaya nawa sunan da na fi samun kwanciyar hankali.

Mai gabatarwa: An sakaya, ranka ya daɗe. Takarda ta farko daga wani tela ce a Zangon Kumasi. Ya ce ya tsinci wani littafin Turanci a akwatin marigayi kawunsa, wai littafi na shida da na bakwai na Musa, shin da gaske na Annabi Musa ne, alaihis salam?

Dakta: Ko kusa. A Jamus aka buga shi, a garin Stuttgart, a 1849. Daga baya wani ɗan kasuwa a Chicago mai suna de Laurence ya riƙa aika irinsa ta gidan waya zuwa Afirka ta Yamma da Jamaika, har Jamaika ta hana shiga da littattafansa.

Mai gabatarwa: Ka ji, tela. Kawu kaya ya saya daga Amurka. Sai wani saurayi daga Maraɗi, ya ce a gaya masa littafin da ke da hatimin farin jini, wai yarinyar da yake so ta daina ɗaukar wayarsa. Ɗan samari, wannan ba sai na wahalar da Dakta ba. Ka nemi sana'a, ka riƙa wanka, ka tura manya su je su gaida iyayenta. Mu wuce.

Yanzu ga wadda ta fi yawa. Takardu sun zo daga Zariya da Damagaram da Garwa ta Kamaru, duk magana ɗaya ce. Zan karanta ta wata malamar makaranta daga Damagaram, don ta fi tsara ta. Ta ce: "Kullum ina ganin Turawa a TikTok da Facebook suna baza wasu kartoci masu hotuna suna yi wa mutane duba, yaranmu kuma suna kallo. Ni ba yi nake son koya ba. So nake in san daga ina abin ya fito, wane littafi zan karanta in fahimta ba tare da na faɗa cikin halaka ba?" Na maimaita: ba yi take son koya ba, fahimta take nema. Dakta, bismilla.

Dakta: To, Hajiya ta riga ta raba mana aikin gida biyu. Akwai littafin da mai yi ya rubuta don ya koya maka yi, akwai kuma wanda masanin tarihi ya rubuta don ya gaya maka wa ya fara, yaushe, me ya ci riba da shi. Na biyun nake ba ɗalibaina. Amma kafin in zo kan karta, bari in fara da Katsina.

Mai gabatarwa: Katsina kuma, Dakta? Kartar Turawa fa aka tambaye ka.

Dakta: Yi haƙuri, hanya ce. Akwai wani malami, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya tashi daga ƙasar Katsina ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar ɗin nan. A 1732 ya rubuta littafi a kan ilimin haruffa da hatimi, yana kuma da wani mai suna Durrul Manzum a kan sihiri da taurari. Yau masana lissafi suna karanta abin da ya rubuta a kan hatimi a matsayin lissafi tsantsa. Ɗauki alƙalami, Malam. Zana gida tara, uku sau uku. Layin sama ka sa 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Yanzu tara su.

Mai gabatarwa: Huɗu da tara sha uku, da biyu sha biyar. Na tsakiya ma sha biyar. Kai, har a karkace sha biyar ne!

Dakta: Ta ko'ina ka ɓullo masa 15 ne. Wannan shi ne hatimin da ake kira Musallasin Gazali, duk almajirin da ya daɗe a zaure ya taɓa ganinsa. Lambobin kusurwa huɗun nan, 2 da 4 da 6 da 8, in ka mayar da su haruffa su ne ba, dal, wau, ha. To ka buɗe littafin wani Bajamushe mai suna Agrippa, wanda aka buga a 1533, wanda masu sihirin Turai suka mayar uban littattafansu, za ka tarar da wannan gida taran zaune daram, an ce na tauraron Zuhal ne. Ta Andalus abin ya shiga musu. Gayatul Hakim, littafin Larabci ne, Sarki Alfonso na goma na Kastil a Sifen ya sa aka fassara shi a 1256, Turawa suka riƙa kiransa Picatrix. Bugun ƙasa ma haka, tun ƙarni na 12 aka juya shi zuwa Latin a Sifen.

Mai gabatarwa: Wato bugun ƙasan da ake yi a tire da yashi a lungun unguwa?

Dakta: Shi ɗin dai. Ɗigo-ɗigo a kan rairayi, a soke biyu-biyu, a ga ko ɗaya ya rage ko biyu, layi huɗu su ba da siffa ɗaya, siffofin duka 16 ne. Wata ƙungiyar asiri da aka kafa a Landan a 1888, Golden Dawn, wadda har mawaƙin nan Yeats ya shiga, sai da ta sa 'ya'yanta koyon wannan bugun ƙasan. Suna sanye da kwat, suna ɗiga alƙalami a takarda maimakon yatsa a yashi.

Mai gabatarwa: Ikon Allah. To Dakta, agogo yana harara ta. Kartar fa?

Dakta: Yawwa, kartar. Sunanta tarot, ganye 78 ce. Asalinta wasa ne, kamar yadda samari ke buga karta a bakin titi. A arewacin Italiya aka fara ta a ƙarni na 15, masu sarauta na wasa da ita, ba wanda ya ce tana faɗin gaibu. Sai a 1781 wani mutum a Faris, Court de Gébelin, ya ga ana wasan, ya ce ai wannan ɓoyayyen littafin malaman Masar ta dā ne. Ba shi da hujja ko ɗaya, a lokacin ma ba wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunonin. Bayansa wani Bafaranshe da ya yi karatun zama limamin coci ya bari, Eliphas Levi, ya zo wajen 1855 ya ɗaura ganyaye 22 na kartar a kan haruffa 22 na Ibrananci. Wadda Hajiya take gani a waya kuwa, mai hotuna kala-kala, yawanci wadda aka buga ce a Landan a 1909, wata mata Pamela Colman Smith ta zana.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita wa Hajiya. Wasa ce a Italiya, aka yi shekara fiye da ɗari uku ana wasa da ita, sannan wani ya laƙa mata Masar. Sunan littafi fa?

Dakta: In tana jin Turanci, ta nemi A Wicked Pack of Cards, na 1996. Mutum uku suka rubuta, cikinsu da marigayi Michael Dummett, wanda ya koyar da falsafa a Oxford, wanda shi wasan kartar ne ya dame shi, dubar kuwa haushi take ba shi. Na biyu Grimoires na Owen Davies, 2009, tarihin littattafan tsafi ne kansu, yadda aka buga su aka sayar, kuma a ciki tela na Kumasi zai ga labarin de Laurence. Wanda ke son ganin fagen gaba ɗaya a taƙaice, akwai Western Esotericism: A Guide for the Perplexed na Wouter Hanegraaff na Jami'ar Amsterdam, 2013. Amma ni da za a bar ni, da ba da ɗayansu zan fara ba.

Mai gabatarwa: Da wanne?

Dakta: Muƙaddima ta Ibn Khaldun, 1377. Tana nan a shagunan littattafan Larabci, akwai ta da Faransanci ma don mutanen Nijar. Ya zauna ya bayyana yadda masu zanen rairayi ke fitar da siffofinsu 16, ya yi magana a kan sihiri da sirrin haruffa, sannan ya ce siffofin nan mutane ne suka ƙaga su suka ba su ma'ana, ba abin da ya haɗa su da gaibu. Har hadisin da masu bugun ƙasa ke kafa hujja da shi, na wani annabi da ya kasance yana zane, ya kawo, ya ce ba hujja a ciki. Ka ga mutum ya fahimtar da kai abu sarai, bai kuma tura ka yi ba.

Mai gabatarwa: Ni dai a nawa ra'ayin, wannan ya fi dacewa da mutanenmu. Kuma kada a manta da hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya je wajen ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Hukunci kuwa ku koma ga malamanku, nan tarihi muke yi.

Wani ɗan kasuwa daga Agadas ya ce littafin Shamsul Ma'arif fa, da gaske ne wanda ya karanta shi yana haukacewa?

Dakta: Ana danganta shi ga Ahmad al-Buni, mutumin Annaba ta Aljeriya, wanda ya rasu wajen 1225. Masu binciken tsoffin rubuce-rubuce sun nuna babban kundin da ake sayarwa yau an yi masa ƙare-ƙare masu yawa bayan rasuwarsa da ɗaruruwan shekaru. Kuma bugun kasuwa cike yake da kurakuran lambobi, hatimi da yawa in ka tara ba sa fita daidai...

Mai gabatarwa: Hauka aka tambaye ka, Dakta.

Dakta: Wannan sai likita.

Mai gabatarwa: Ya zille. Wata ɗalibar jami'a daga Zariya ta ce kullum tana karanta burjinta a intanet, kuma wallahi halinta ake faɗa tsaf. 'Yata, saurara. A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, ya ba kowa takarda ya ce ga bayanin halinka kai kaɗai. Suka ba takardar maki sama da 4 cikin 5. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, ya tsinto jimlolin daga wani littafin taurari na bakin titi. Ni ma in na ce miki kina da kirki amma mutane ba sa gane ki, ai za ki ce na iya duba. Ki koma kan karatunki.

Ta ƙarshe da za mu iya ɗauka daga wani ma'aikacin asibiti ce a Garwa. Ya ce me ya sa mutum mai ilimi, wanda ya san ƙwayoyin cuta, in ɗansa ya kwanta sai ya ce maita ce?

Dakta: Wannan ita ce tambayar da ta fi daɗi yau. Ya nemi littafin Evans-Pritchard na 1937, Witchcraft, Oracles and Magic among the Azande. Bature ne da ya zauna da ƙabilar Azande a kudancin Sudan. Rumbunansu a kan dirkoki suke, mutane kan shiga ƙarƙashi su sha inuwa da tsakar rana. Gara tana cin dirkokin a hankali. Ran nan sai rumbu ya rufto ya danne mutane. Ka tambayi Ba'azande, ya san gara ce ta ci itacen, ba wawa ba ne, ya kuma san zafi ne ya kai mutanen inuwa. Abin da yake tambaya shi ne, me ya sa sai yau, me ya sa sai da ɗan'uwana ya zauna? Rumbun nan ya yi shekaru a tsaye. A wannan gurbin yake sa maita. Sai ya tafi a ɗura wa ɗan tsako wata guba da suke kira benge, a yi tambaya, in ya mutu amsa ce, in ya rayu amsa ce. Ma'aikacin asibitin nan ya san ƙwayar cuta, iyayen yaron ma wataƙila sun sani. Tambayar tasu ita ce me ya sa nasu ɗan. Kuma in ka duba Ifa na Yarabawa, wanda William Bascom ya yi wa littafi a 1969, da gidajensa 256, wato 16 sau 16...

Mai gabatarwa: Dakta, Allah ya ba ka haƙuri, mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu sau biyu. Masu tambaya a kan bori daga Dogon Dutsi da Kano, takardunku na nan a ajiye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, mun kuma roƙi Dakta ya dawo. Saurayin Maraɗi kuma na ga ka sake turo saƙo yanzun nan, amsar dai ba ta canja ba. A madadin Dakta da sauran abokan aiki, ku huta lafiya.