Amsoshin Tambayoyinku: Wurin Bauta a Cikin Gidajen Rumawan Dā

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga wata malama ce a Maraɗi, tana tambaya: wai da gaske ne Rumawan dā suna da wurin bauta a cikin gidajensu, ban da manyan ɗakunan tsafi na gari?

Da gaske ne, Malama. Sunansa larariyum. A gidan talaka ɗan gurbi ne a jikin bango, sau da yawa kusa da murhu. A gidan attajiri kuwa, gini ake yi mai ginshiƙai a babban falon shiga. Can ake ajiye gumakan Lares, masu tsaron gida a imaninsu, ana kuma girmama Penates, masu kula da rumbun abinci, da Geniyus, kurwar maigida.

Abin da ya sa muka san siffarsu sosai shi ne garin Pompeii na ƙasar Italiya, wanda tokar dutse mai aman wuta na Vesuvius ta binne a shekara ta 79 miladiyya. A wani gida da ake kira Gidan Vettii, har yau zanen yana nan: Geniyus a tsakiya ya lulluɓe kansa da mayafi, Lares biyu suna rawa a gefensa riƙe da ƙahon sha, ga maciji yana jan ciki a ƙasa.

Ba a ɗauko wani limamin tsafi daga waje. Maigida ne jagora, kuma har bayin gidan suna da hannu a ciki. Ana ƙona turare, a zuba ruwan inabi, a ajiye ɗan abinci, a rataya furanni a ranakun da aka keɓe a kowane wata. Yaro in ya balaga, nan yake cire layar wuyansa ya ajiye. Budurwa kuma, in aure ya zo, ta miƙa 'yartsanarta. A ganina, wannan ne addinin da Barume ya fi rayuwa da shi kullum, fiye da bukukuwan hukuma.

Malamar ta ƙara da tambayar yaushe abin ya ƙare. Ya daɗe bayan sarakunan Rum sun karɓi Kiristanci, har sai da Sarki Tiyodosiyus na ɗaya ya kafa doka a shekara ta 392, ya hana kunna wa Lares wuta, da zuba wa Geniyus ruwan inabi, da yi wa Penates turare, ko da a cikin gidan mutum ne.

Sai wasiƙa ta gaba.