Daga Kangin Barasa Zuwa Kujerar Ba da Shawara

Malama: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu tattauna a kan mutumin da ya rabu da barasa, sannan ya zaɓi ya taimaki waɗanda har yanzu take riƙe da su. Muna tare da baƙi biyu, Malam da Likita. Malam, kai da ka bi wannan hanya, shin wahalar da mutum ya sha ta isa ta mayar da shi mai ba da shawara?

Malam: Ba ta isa ba, Malama, amma tana buɗe ƙofa. Mutum zai shigo hannunsa na karkarwa har ya kasa kai kofin ruwa bakinsa, kansa a sunkuye don kunya, amma da zarar ya ji cewa ni ma na sha wayar gari a haka, sai ki ga ya ɗago ido. A kan wannan aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta mashaya masu taimakon juna su daina sha, a 1935 a garin Akron na Amurka, bayan Bill Wilson ya lura cewa zama da Dakta Bob Smith, mashayi irinsa, yana hana shi kansa komawa gidan jiya.

Likita: Inda nake jin tsoro, Malam, shi ne a ce wa wanda ya daɗe yana sha kullum ya daina farat ɗaya shi kaɗai. Cikin awa 6 zuwa 24 zufa da karkarwa sukan fara, farfaɗiya na iya biyowa, kuma wajen kwana 2 zuwa 3 wasu sukan shiga sambatu da gane-gane, yanayin da ke iya kisa idan ba a asibiti ba.

Malam: Shi ya sa horo ya zama dole. A can ake koyon lokacin da za a miƙa mutum ga likita, da riƙe sirri, da yarda cewa hanyar da ta fisshe ni ba lallai ta fisshe kowa ba, domin wani sai an haɗa masa da magani irin naltrexone, mai rage sha'awar barasa. Abin da ya fi wuya, a ganina, shi ne yin shiru a saurara.

Malama: To, idan wanda kake ba shawara ya koma sha bayan watanni fa?

Malam: Ba na yi masa faɗa, domin ya riga ya yi wa kansa. Nakan tambaye shi abin da ya faru kafin kurɓar farko, da wa yake tare, wane ɓacin rai ya kwana da shi, sai mu gyara shirin daga nan.