Jawabin Maraba daga Zumuntar Mata ga Babban Baƙonmu a Sakkwato

Baba Rabaran, babban baƙonmu, Baba Fasto da Mama, dattawan ekklesiya, 'yan'uwana mata da matasa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Baba, barka da zuwa, sannu da hanya. Duk wanda ya taso daga Jos ya biyo ta Zariya da Funtuwa da Gusau a wannan zamani ya san ba rana da ƙura kaɗai ake jin tsoro ba. Tun da aka ce kun kama hanya muke durƙushe, ga shi Allah ya sauke ku lafiya. Furar Sakkwato na nan tana jiran ku.

An ce in faɗa muku abin da muke yi. Ba wani abu mai yawa ba ne. Kowace mace in za ta ɗora tukunya, sai ta ɗebi tafi ɗaya na gero ko shinkafa ta zuba a gwangwani daban. Ranar taron Zumunta mu juye a buhu guda. Da wannan buhun muke zuwa wurin matan da 'yan bindiga suka koro daga yankunan Sabon Birni da Isa da Rabah, waɗanda ke raɓe a kangaye da gine-ginen da ba a gama ba. Na ga wata tsohuwa a cikinsu, aka miƙa mata mudu biyu, ta kwance bakin zanenta ta raba ɗaya da maƙwabciyarta tun kafin ta yi mana godiya. Ranar mun koma gida shiru.

Yawancinsu Musulmi ne, kuma ba ma tambaya. A Matiyu 25, da Ubangiji ya lissafa mai jin yunwa da baƙo da marar tufa da majinyaci da ɗan kurkuku, bai sa mu bincika addininsu ba, cewa ya yi shi ne muka yi wa. Yaƙub kuwa, a wasiƙarsa cikin Littafi Mai Tsarki, bai yi mana sassauci ba: wanda ya sallami mai yunwa da fatan alheri, hannu rabbana, bangaskiyarsa matacciya ce. Hanyar ma ba mu muka share ta ba. Tun ƙarshen shekarun 1930 ma'aikatan mishan na SIM, wato Sudan Interior Mission, suka fara wanke gyambon kutare a Amanawa, nan kusa da mu, lokacin da ko dangi gudun su suke yi.

Akwai inda muke tuntuɓe, ba zan ɓoye muku ba. Wayar hannu ta shigo, har wasunmu ba sa iya ba da mudu ɗaya sai an ɗauki hoto an sa a Facebook. Muna ta faɗa da wannan hali, mun kafa doka a bar waya a jaka, domin mabuƙaci ma yana da kunya.

Roƙonmu ɗaya ne, Baba. Hatsi na ƙarewa cikin kwana uku. Da za mu samu injin niƙa da kekunan ɗinki, da gwaurayenmu da waɗannan mata sun riƙe kansu. Ku kai wannan kuka gaban shugabanni in kun koma.

Hunturu ya matso, barguna na ɗaure a ofishin Fasto. In gajiya ta sake ku, bayan sujada mu je tare ku miƙa na farko da hannunku.

Mun gode, Allah ya mayar da ku gida lafiya.