Maganar kuɗin mai bishara, kafin a shiga sauran rahotanni

Baba Fasto, iyayenmu mata, 'yan'uwa, ku yi haƙuri na tsallake ajanda, don maganar da ke damuna ba za ta jira ƙarshen taro ba lokacin da kowa ke neman jakarsa zai gudu ya kama jirgin ƙasa. Kuɗin mai bisharar nan da muka ɗauki nauyi a gida Najeriya bai cika ba, tun bayan Ista ba mu tura masa cikakke ba. Mutumin nan da matarsa da yara suna ƙauyen da ko hanyar mota babu idan damina ta sauka, kuma mu ne muka ce masa ya je, mu da bakinmu, ikilisiyoyi uku na Landan da Manchesta da Birmingham muka zauna muka ce mun ɗauka. Toh yanzu ina alkawarin?

Kun san tsarinmu na Baftis, kowace ikilisiya ita ke mulkin kanta, babu bishop da zai buga tebur ya ce dole ku biya. Muna alfahari da wannan, ni ma ina yi. Amma fa shi ya sa idan ba mu cika alkawari da kanmu ba babu wanda zai cika mana. 'Yan Baftis na Amurka sun gane haka tun 1925, kowace hukumarsu tana yawo coci coci tana roƙon baiko har mutane suka gaji, sai suka ce a haɗa asusu ɗaya a riƙa rabawa. A gida ma haka Konbenshon ɗinmu yake, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar Baftis ta Najeriya da aka kafa a Ibadan a 1914, ikilisiya ta cire kasonta ta tura, da shi ake riƙe makarantar fastoci ta Kawo a Kaduna inda da yawa daga cikin waɗanda suka yi mana baftisma suka yi karatu, da shi aka tura 'yan mishan har Saliyo. Bowen, ɗan mishan na Baftis daga Amurka, ya sauka ƙasar Yarabawa a 1850, amma ba shi ya kai Baftis Arewa ba, 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe Yarabawa ne suka bi layin dogo zuwa Zungeru da Kaduna da Jos da Kano, suna tara sisi da kwabo suna gina majami'a. Su da ba su da komai sun yi, mu da ake biyanmu da fam mun kasa fam goma a wata? Haba jama'a.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi, ba wai babu kuɗin ba ne. Na ji ana cewa wata ikilisiya a cikinmu tana so ta sayi babur ta tura da sunanta a rubuce a jiki, wata kuma za ta yi nata taron farkawa ita kaɗai ta ɗauki hoto ta sa a Facebook. Babur abu ne mai kyau, amma wa zai zuba masa mai idan mai hawansa bai ci abinci ba? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, iyayenmu sun faɗa tun kafin a haife mu. Ku tuna Yuli 2021 da aka kwashe yara 121 a makarantar Bethel da ke Kujama, a ɗakin nan muka yi kuka, babu wanda ya tambayi wani kai ɗan wace ikilisiya ne, cikin dare mutane suka dinga turo kuɗi. Sai an sace yaranmu ne za mu haɗa kai? Wani lokaci idan ana rera waƙa da Hausa a nan sai in ji kamar ina cocinmu na gida ana kaɗa ganga zumuntar mata sun sha anko, to mutumin da muke bari da yunwa shi ne yake riƙe da wannan a can.

Sauran rahoto a gurguje. Kuɗin hayar hol an biya. Banki sun ce duk abin da za mu tura waje sai da rasit da sunan wanda ya karɓa, saboda haka a daina ba wani kuɗi a hannu don zai tafi gida, a sa a asusu. Mawaƙa suna neman makirfo, za mu duba. Ziyarar marasa lafiya Mama za ta yi bayani.

Amma dai dan Allah maganar mai bishara. Sakatarorin ikilisiyoyin nan uku ku tsaya bayan addu'ar rufewa mu sa rana ɗaya a wata da kowa zai tura kasonsa, a rubuta a sa hannu. Wanda aiki ya yanke masa ya gaya mini a asirce, ba zan kira sunan kowa ba. Sauran kuwa littafi yana hannuna, ina bakin ƙofa, kuma ba za a buɗe kulolin tuwo ba sai na gama da ku.