Gandun Mariënwaerdt: gidan ibadar da ya koma gidan gado

Assalamu alaikum. Malamaina da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Yau ƙasar Holan za mu leƙa, lardin Gelderland, wani ƙauye mai suna Beesd a bakin kogin Linge. A gefen ƙauyen akwai gandu mai faɗin kusan hekta 900, ana ce masa Mariënwaerdt. In ka je yanzu, shanu za ka gani, da itatuwan tuffa jere a kan ganuwar da ke tare ruwan kogi, da 'yan yawon keke. Ba hasumiya, ba ƙararrawa. To amma babban gidan da masu gandun ke ciki, a kan ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na wani tsohon gidan ibada aka ɗora shi, kuma bakan ginin nan na nan har gobe.

A shekarar 1129 wata gwauruwa daga gidan sarautar Cuijk, Alveradis, ita da 'ya'yanta Godfried da Herman, suka ba da wannan fili don Allah. Waɗanda suka karɓa limaman Katolika ne na ɗariƙar Norbert, wadda aka kafa a Prémontré ta Faransa a 1120. Farare suke sawa daga sama har ƙasa, shi ya sa mutanen ƙasar ke ce musu fararen malamai. Ku ɗauke shi kamar waƙafi a wurinmu: dukiya ce da aka cire daga rabon gado, ba a sayarwa, ba a tsattsagawa.

A nan nake so ku tsaya da ni. Yankin nan laka ne da fadama, kogi na cika yana malala. Limaman nan ba salla kaɗai suka zauna yi ba. Sun ja magudanai, sun kafa gonaki a nesa da gidan, suna karɓar kyautar fili, suna saye, suna musaya, daga baya suka koma ba manoma haya. Kowace yarjejeniya sai sun rubuta ta, kuma kundin takardun filayensu ya tsira, da shi masana tarihi ke aiki. Mai rai ɗaya in ya tara fili, 'ya'yansa ke rabawa. Su kuwa shugaba ya mutu a naɗa wani, fili na nan yadda yake, sama da shekara ɗari huɗu.

Sai guguwar 1566 ta taso, lokacin da masu bin Furotesta suka riƙa shiga majami'u suna farfasa gumaka, ga kuma fushin da jama'a ke yi da Sarki Filibus na Biyu na Sifaniya, wanda ke mulkin ƙasar a lokacin. A 1567 dakarun Hendrik van Brederode, ɗaya daga cikin jagororin masu tawaye ga sarkin, suka faɗa wa Mariënwaerdt, suka wawashe, suka cinna wuta. Gidan bai ƙara tashi ba. Kafin ƙarshen ƙarnin, filayen sun koma hannun hukuma, kuma an hana Katolika ibada a fili a Jamhuriyar Holan, sai a ɓoye cikin gidaje da rumbuna.

Wasu na ba da labarin nan kamar an ƙwato wa talaka haƙƙinsa daga hannun limamai. Ni ban yarda ba, kuma abin na ci mini rai. Manomin da ke biyan haya, bai samu ko taku ɗaya na fili ba. Mai karɓar kuɗin kawai aka canza: da liman ne, ya koma jami'in hukuma, sannan a 1734 wani basarake daga gidan Van Bylandt ya sayi gandun. Ta hanyar gado da auratayya ya iso hannun iyalin Van Verschuer, su ke riƙe da shi yau, suna noma ba tare da takin zamani ba, suna yin cuku, suna karɓar baƙi.

Wani zai tambaya, to limaman fa, sun ƙare ke nan? A'a. Tun a 1134 an ɗebi wasu daga Mariënwaerdt suka je suka kafa gidan ibada na Berne. Su ma yaƙi ya kore su daga mazauninsu, suka warwatsu cikin ƙauyuka suna limanci, amma jama'ar ba ta yanke ba. Yau suna Heeswijk a lardin Brabant ta Arewa, kuma su ne ƙungiyar zuhudu mafi daɗewa da ke raye a Holan.

Nan zan dakata, mai tambaya ya ɗaga hannu.